Sarari ko kurmi: yadda ɗalibi zai zaɓi kwas ɗin nazarin namun daji a ƙasar waje

Kwasa-kwasan nazarin namun daji da ake yi a tsakiyar daji lokacin dogon hutun jami'o'i, daga Yuni zuwa Agusta, yawancinsu sati biyu ne zuwa shida, kuma na sati huɗu sun fi yawa. Kafin ɗalibi ya kalli hoton giwa ko na biri da ke kan takardar talla, ya kamata ya fara lissafa kwanakin. A cikin kwana 28, tafiya da dawowa za su ci biyu ko uku. Bayanin tsaro da zagayen sanin wuri za su ci wasu biyu. Darussa da gwajin hanyoyin aiki za su ci sati guda ko fiye, sannan a ƙarshe akwai kwana uku ko huɗu na tace alƙaluma da rubuta rahoto. Abin da ke rage wa ɗalibi don tattara bayanan bincikensa kwana goma ne da 'yan kai. To, dajin da ka zaɓa shi zai yanke abin da kwana goman nan za su iya haifarwa, kuma a kan wannan muke so a gina zaɓin.

Dazuzzukan da aka fi kai ɗalibai iri biyu ne. Akwai sarari, wato dajin ciyawa mai tsirarun itatuwa, irin na Gabashi da Kudancin Afirka: Serengeti da Tarangire a Tanzaniya, Amboseli da Laikipia a Kenya, da gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 19,500. Akwai kuma kurmi mai ruwan sama da duhun ganye: La Selva a Kosta Rika, Kibale a Yuganda, da kwarin Danum a jihar Sabah ta Maleshiya. Dukkansu suna da tashoshin bincike da suka daɗe. Cibiyar Mpala ta Laikipia tana aiki tun 1994, ƙungiyar Organization for Tropical Studies ta karɓi La Selva a 1968, Jami'ar Makerere kuwa tana da tasha a Kanyawara cikin Kibale, inda ake bin cimpanzi tun 1987. Daɗewar tasha ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwana goma, domin zai tarar da taswira, da hanyoyi masu lamba, da alƙaluman ruwan sama na shekaru, da ma'aikatan da suka san dabbobin wurin ɗaya bayan ɗaya.

Yanayin da za ka tarar

Watannin hutu ɗaya ne, amma yanayin kowane wuri daban. A arewacin Tanzaniya da kudancin Kenya rani ne daga Yuni zuwa Oktoba. Ciyawa ta bushe ta kwanta, dabbobi sun taru a bakin ruwa, kuma giwayen Tarangire suna tururuwa a gefen kogin. Babu lokacin da ya fi wannan sauƙin ƙidaya. A Kruger hunturu ne, ganye ya kaɗe, ana hango manyan dabbobi daga nesa, amma da dare sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10. Macizai da ƙadangaru da kwaɗi sun lafa, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kuma sun koma. Wanda burinsa nazarin kwaɗi ne, ya tafi Kruger a Yuli, ya yi asarar tafiyarsa. Haka busasshen dajin yammacin Madagaska yake a waɗannan watanni: wasu ƙananan birran tsibirin suna cikin dogon barcin rani a kogon itace, masu jan ciki kuma sun ragu.

La Selva tana samun ruwan sama kusan milimita 4,000 a shekara, kuma Yuli yana cikin watannin da ruwa ya fi ƙarfi. Kwaɗi da ƙwari suna nan birjik, sai dai akwai safiyar da ruwa zai hana aiki gaba ɗaya. Kibale tana kan tudu, kusan mita 1,500, ga sanyi-sanyi, kuma Yuni da Yuli ruwa yakan yi sauƙi. Danum kuwa babu watan da za a ce ruwa ya ɗauke.

Aikin sarari: ido na gani, lissafi ne ke da wuya

Babbar hanyar da ake koyarwa a sarari ita ce ƙidaya ta auna tazara. Ana bin wani layi, yawanci a mota, da gudun da bai wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa ba. Duk garken da aka gani, sai a tsaya a rubuta abu huɗu: nau'in dabba, yawansu, nisan da ke tsakanin mai kallo da tsakiyar garken, da kusurwar da garken yake daga layin. Daga nisa da kusurwa ake fitar da tazarar garken daga layin kansa. Misali, jakunan dawa a nisan mita 200 da kusurwar digiri 30 suna mita 100 ne daga layi. Waɗannan tazarori su ke nuna yadda gani ke raguwa da nisa, kuma da su manhajar Distance ko ta R take ƙiyasta dabbobin da ido ya tsallake. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce a samu gani 60 zuwa 80 na nau'i ɗaya, a kan layuka daban-daban da ba su gaza goma ba, ashirin ya fi. A sarari lokacin rani, jakin dawa ko impala (wata irin barewa) ko raƙumin dawa na iya cika wannan adadi cikin sati guda. Wannan ita ce babbar ribar sarari: ɗalibi yana bin aiki tun daga tsara layi har zuwa fitar da adadin dabbobi a kowace murabba'in kilomita, ya ga sakamakon da idonsa.

Kurakuran da ake yi sanannu ne, kuma kusan kowane rukuni sai ya faɗa cikin wasunsu. Na farko, kintace. In babu na'urar auna tazara mai hasken leza, ɗalibai sukan rubuta 50, 100, 150, sai alƙaluman su taru a lambobi masu sifili, lissafin ya karkace. Na biyu, kamfas. Ƙarfen mota yana jan allurarsa, don haka a cikin mota ana amfani da allon kusurwa da aka daidaita da hancin motar. Na uku, dabbar da ta zabura kafin a auna. Inda take lokacin da aka fara ganinta ake aunawa, ba inda ta tsaya bayan ta gudu ba. In aka yi akasin haka, sai ya zama kamar babu dabbobi kusa da layi. Na huɗu ya fi sauran nauyi kuma ba shi da magani mai sauƙi: a yawancin gandayen gwamnati ba a yarda mota ta sauka daga hanya ba, hanyoyin kuwa an yi su ne don masu yawon buɗe ido, suna bin bakin kogi da wuraren shan ruwa. Abin da aka ƙirga dabbobin bakin hanya ne, ba na gandun duka ba. Malamin kirki zai sa ɗalibai su faɗi haka a rahotonsu. Tashoshin da ke kan filaye masu zaman kansu, kamar na Laikipia, sukan fi ba da damar tsara layi yadda bincike ke so.

Hanya ta biyu ita ce nazarin ɗabi'a, wanda Jeanne Altmann ta tsara ƙa'idojinsa a 1974, ita da ta yi aikin shekaru a kan gogon biri a Amboseli. Ko dai a zaɓi dabba ɗaya a bi ta da ido minti 10 ko 15 ana rubuta duk abin da ta yi da agogo, ko kuma duk bayan minti biyar a share garken da ido a rubuta abin da kowace ke yi a wannan daƙiƙa. Tambaya irin "shin impala tana rage ɗaga kai don tsaro in garke ya yi girma?" tana amsuwa cikin kwana shida ko bakwai. Kafin a fara, dole rukuni ya rubuta jerin ɗabi'u da ma'anar kowace, sannan mutum biyu su kalli dabba ɗaya a lokaci ɗaya su gwada takardunsu. In ɗaya yana rubuta "tsaro" inda ɗayan ke rubuta "tuƙa", alƙaluman ba za su haɗu ba. Wani tarkon kuma shi ne kallon dabba guda sau biyar a lissafa ta a matsayin dabbobi biyar. Shi ya sa ake koyar da gane ɗaiɗaiku: zanen jikin jakin dawa, dabbare-dabbaren wuyan raƙumin dawa, da yagewar kunnen giwa, wadda da ita masu binciken giwayen Amboseli suke gane su tun 1972.

Abin da sarari ke tauye wa ɗalibi shi ne ƙafa da hannu. Inda akwai zaki da ɓauna da giwa, ba a sauka daga mota sai da mai gadin daji riƙe da bindiga. Ana iya gama kwas ɗin ba a taɓa dabba ko ɗaya ba, ba a ɗana tarko ba, ba a yi tafiyar kilomita biyar a ƙasa ba. In motar ɗaya ce ga ɗalibai takwas, kowa binciken da motar ta nufa zai yi. A gefe guda, sarari ne wurin koyon rikicin mutane da namun daji: giwa a gonar masara, zaki a garken makiyaya, shinge da ke toshe hanyar ƙaurar dabbobi. Kwasa-kwasan Kenya da Tanzaniya sukan haɗa da hira da mazauna ta bakin tafinta, kuma duk mai son aikin kula da gandun daji ba zai samu wannan darasi a aji ba.

Aikin kurmi: dabbar tana nan, ganinta ne aiki

A kurmi komai a ƙasa ake yi. Layin ƙidayar birai ana bin sa da tafiyar kusan kilomita ɗaya a awa, ana tsayawa ana saurare. Mai yin kilomita huɗu kowace safiya zai haɗa kilomita 40 a kwana goma, kuma ga yawancin dabbobi masu shayarwa wannan ba zai ba shi gani 60 ba, ko kusa. Kibale ta fita daban, domin tana da nau'in birai 13 kuma wasunsu suna da yawa ƙwarai. A sauran wurare, ɗalibin da ya dage sai damisar Amurka ko giwar Borniyo zai koma gida da sawu biyu da hoto ɗaya, babu abin da zai lissafa.

Saboda haka binciken kurmi mai ma'ana yana kan ƙananan halittu, kuma a nan kurmi ya yi wa sarari nisa. La Selva kaɗai tana da fiye da nau'in tsuntsaye 400 da fiye da nau'in jemagu 60. Buzuzun kashi ana kama shi da ƙaramin kofi da aka binne daidai da ƙasa, a rataya ɗan kashi a samansa, a yi masa rumfar ganye ko faranti don kada ruwa ya cika shi, a bar tazarar mita 50 ko fiye tsakanin tarko da tarko, a kwashe bayan awa 48. Tarko ashirin na iya ba da ɗaruruwan buzuzu, isassu don gwada tsohon kurmi da wanda aka taɓa sarewa. Kwaɗi da dare ake nemansu da tocilan goshi, a kan layi mai tsawon da aka auna ko na lokacin da aka ƙayyade. Kowane kwaɗo da jakarsa da safar hannunsa, kuma ana wanke takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin rafi da rafi, saboda cutar fumfunar fata da ta hallaka kwaɗi masu yawa a Amurka ta Tsakiya tana bin hannu da takalmi.

Tsuntsaye hanya biyu ce. Ƙidayar tsayuwa ita ce a tsaya wuri ɗaya minti 5 zuwa 10 a rubuta duk abin da aka gani ko aka ji, wurare su kasance mita 200 ko fiye da juna, daga ketowar alfijir zuwa awa uku bayansa. A kurmi mafi yawan abin da za a rubuta da kunne aka same shi, kuma baƙo ba ya koyon kukan tsuntsaye ɗari cikin sati biyu. In babu ƙwararren ɗan wurin tare da rukuni, alƙaluman ba abin dogaro ba ne. Hanya ta biyu siririyar raga ce, yawanci mai tsawon mita 12, da ake kafawa tsakanin sanduna biyu. Ana duba ta duk minti 20 zuwa 30, ana naɗe ta da zarar ruwa ya sauko ko rana ta yi zafi, domin tsuntsun da ya jiƙe a raga sanyi na kashe shi da sauri, kuma tururuwa na iya far masa. Cire tsuntsu daga raga aikin mai lasisi ne. Ɗalibi yana koya a gabansa. Duk kwas ɗin da ya bar ɗalibai su kaɗai da raga, a guje shi.

Wanda ya yi kurmi yakan fito da hannu mai aiki: ya auna, ya yi alama, ya saki, ya sake kamawa. Lissafin nan na kama-da-sake-kamawa a nan yake zama gaskiya a idonsa. In ka yi wa ƙadangaru 40 alama ka sake su, bayan kwana biyu ka kama 30 ka tarar 10 suna da alama, ƙiyasin yawansu 120 ne. Zai kuma gane da kansa dalilin da ya sa lissafin ke rushewa in alamar ta goge, ko in waɗanda aka taɓa kamawa sun koyi gudun tarko.

Kyamarar tarko a wuraren biyu

Kusan kowane kwas yanzu yana amfani da kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta in ta ji motsi da bambancin zafi. Ana ɗaure ta a itace, santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa in ana son dabbobi manya da ƙanana, a fuskantar da ita arewa ko kudu don kada hasken fitowar rana ko faɗuwarta ya riƙa tayar da ita. Manyan bincike sukan bar kilomita ɗaya zuwa biyu tsakanin kyamarori, su bar su kwana 30. Kwas mai kyamara 20 da dare 14 yana da dare 280 ke nan, wanda ya isa a ga dabbobin da aka saba gani da lokutan fitowarsu, amma bai isa a ce wata dabba babu ita a wurin ba. Hotunan nau'i ɗaya da suka biyo juna cikin minti 30 ana lissafa su zuwa ɗaya.

A sarari abokan gabar kyamara su ne ciyawa, kura da giwa. Ciyawar da rana ta gasa in iska ta kaɗa ta, kyamara za ta cika kati da dubban hotunan banza, batir ya mutu a kwana uku. A share mita biyu ko uku na gabanta. Kura tana tauna ta, giwa tana fizge ta, sai da akwatin ƙarfe. Da tsakar rana kuma, in zafin iska ya kusa na jikin dabba, na'urar takan kasa jin ta. A kurmi laima ce matsala: gilashi ya yi hazo, mahaɗin batir ya yi tsatsa, tururuwa su yi gida a ciki. Ana sa ƙunshin tsotse laima a ciki, a duba robar murfin. A ko'ina, a tabbatar da kwanan wata da agogon kyamara kafin a rufe ta. Kyamarar da ta koma agogon masana'anta bayan canjin batir ta ɓata duk wani nazarin lokacin fitowar dabbobi.

Kaya da lafiya

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi dacewa da duhun kurmi, 10x42 ya fi amfani a sarari. Mai sayen ɗaya ya ɗauki 8x42 wanda ruwa ba ya shiga. Rubutu da fensir a littafin da ruwa ba ya ɓatawa, kuma kowane dare a kwafe shi cikin kwamfuta a ɗauki hoton shafukan. Duk na'urorin GPS na rukuni su kasance a kan tsarin lissafin wuri ɗaya, wanda ake kira WGS84. Tsofaffin taswirorin Gabashin Afirka suna kan wani tsarin daban, Arc 1960, kuma bambancin yakan kai ɗaruruwan mita, isasshe ya ɓatar da kyamara. Sarari na son rigar sanyi mai kauri don fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota, da jaka mai rufewa saboda ƙura. Kurmi na son dogon takalmin roba, safa da yawa, da tufafi masu saurin bushewa, a Danum kuma safar hana matsattsaku.

Haɗarin kowanne daban ne. A Tarangire da Serengeti akwai tsando, wanda shuɗi da baƙi ke jawowa, don haka tufafi masu launin ƙasa. A Kudancin Afirka akwai kaska mai kawo zazzaɓi. A fesa wa tufafi maganin permethrin, a duba jiki kowace yamma. A La Selva akwai macijin terciopelo mai mugun dafi da ke kwanciya cikin busasshen ganye, shi ya sa ba a fita babu takalmin roba da tocila, ba a kuma dafa itace ba tare da an duba ba saboda wata babbar tururuwa mai harbi. Ciwon da ya fi kwantar da ɗalibai a kurmi ma ba na maciji ba ne, ƙafa ce da ta kwana a jiƙe har fata ta salube, da ƙaramin rauni da ya ruɓe. Ruwan tafki ko kogi mai kwanciya a Afirka ba a wanka a cikinsa, saboda tsargiya da kada da dorina. Mai zuwa kusa da cimpanzi zai sa takunkumi ya tsaya nesa da mita 7 zuwa 10, kuma mai mura ba ya fita, domin murar mutum tana kashe su.

Takardar rigakafin shawara tana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ta zama ta har abada. Wasu ƙasashe suna neman ta daga kowa, wasu kuwa daga wanda ya fito ko ya ratsa ƙasar da cutar take. Rigakafin haukan kare allura biyu ne, ta biyu kwana bakwai bayan ta farko, kuma wajibi ne ga mai taɓa jemage. Ko da shi, in dabba ta yi cizo a wanke da sabulu minti 15 a nufi asibiti. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro likita ne zai zaɓa: doxycycline ana ci gaba da sha sati huɗu bayan dawowa kuma yana sa rana ta ƙona fata da sauri, abin lura ga mai wuni a buɗaɗɗiyar mota, atovaquone-proguanil kwana bakwai ne bayan dawowa. Inshora kuma a karanta ta, a ga ta ƙunshi ɗaukar majinyaci daga daji zuwa babban asibiti.

Tsarin kwas ɗin ma zaɓi ne

Bayan daji, akwai bambanci na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Wasu kwasa-kwasan koyarwa ne: darussa, gwaje-gwaje, sannan ɗalibi shi kaɗai ko su biyu su ƙirƙiro tambaya, su tsara bincike, su gabatar da sakamako. Haka Organization for Tropical Studies take yi, haka ma Tropical Biology Association, wadda kwas ɗinta na wata guda yake haɗa ɗaliban Afirka da na Turai kuma ta saba tallafa wa na Afirka. School for Field Studies, da aka kafa a 1980, tana da cibiyoyi a Kenya da Tanzaniya da kwas na sati huɗu mai makin jami'a. Wasu kuma tawagar ƙidaya ce, irin ta Operation Wallacea, inda ɗalibi ke shiga aikin da masana suka riga suka tsara kuma ake maimaitawa kowace shekara. A tawaga za ka taɓa hanyoyi da yawa, ka ga yadda babban bincike ke tafiya, in kana rubuta kundin kammala digiri kuma za ka iya samun alƙaluman shekaru. Amma tambayar ba kai ka haife ta ba. A ganinmu, ɗalibin shekarar farko ko ta biyu zai amfana da tawaga, wanda ke shirin digiri na biyu kuwa ya nemi kwas ɗin da zai tilasta masa tsara bincikensa, domin a nan ne mutum yake gane cewa tambayarsa ta fi ƙarfin kwanakinsa, ya koyi rage ta.

Izinin bincike nauyin masu kwas ne, amma ka tambaya. Hukumomin da ke ba da shi a Tanzaniya COSTECH da TAWIRI ne, a Kenya NACOSTI da hukumomin namun daji, a Yuganda UNCST da UWA, a Kosta Rika SINAC. Izinin koyarwa ba lallai ya ba ka damar wallafa sakamako ba. Fitar da gashi, ƙashi, gashin tsuntsu ko jini daga ƙasa kuma yakan shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, da ta Nagoya, mai kula da rabon amfanin albarkatun halittu, wadda ta fara aiki a 2014. Ɗalibi kada ya sa ko fiffike ɗaya a jakarsa.

To wa ya kamata ya tafi ina? Mai son aikin gandun daji, ƙidayar manyan dabbobi, ko sasanta manoma da makiyaya da namun daji, sarari ne nasa, kuma ya fifita tashar da ake yarda a sauka a yi aiki a ƙasa. Haka wanda bai taɓa aikin daji ba, ko yake da lalurar da ba ta son doguwar tafiya cikin laka. Mai son tsuntsaye, kwaɗi, jemagu ko ƙwari, ko wanda yake son ya dawo da hanyoyin aiki biyar ko shida a hannunsa, kurmi ya fi masa, muddin ya yarda cewa zai iya yin wata guda bai ga babbar dabba ba. Mai son birai ya duba Kibale kafin ko'ina. Wanda har yanzu bai san inda zuciyarsa ta karkata ba, mun fi ba shi shawarar kurmi mai kwas na koyarwa, saboda yawan halittun wurin yana ba shi damar canja tambaya a rana ta uku in ta farko ta ƙi, abin da ke da wuya a inda komai ya rataya a kan mota ɗaya.

Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa masu kwas ɗin ka nemi jadawalin kwana-kwana na bara, ka ƙirga ranakun da aka yi a daji da kanka. Ka tambayi sunan malaman da za su kwana a tasha tare da ku da irin binciken da suka wallafa, ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya da mota ɗaya, kyamarori da na'urorin auna tazara nawa ne, ko akwai ɗalibai da masana 'yan ƙasar a cikin kwas ɗin, wa ke da alƙaluman bayan an gama, da nisan asibitin da ke da maganin dafin maciji. Ka tambayi abin da kuɗin bai ƙunsa ba, domin tikitin jirgi, biza, allurai, inshora, wani lokaci har kuɗin shiga gandu, sukan kasance a waje. In kana son makin ya shiga sakamakonka, ka karɓi amincewar sashenku a rubuce tun kafin tafiya. Neman gurbi da tallafi yakan rufe watanni kafin Yuni, fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, asibitin matafiya kuma a je shi sati shida zuwa takwas kafin tashi.